Tukunya Na Nan, Wutar Ce Ta Gagara

Wanda ya saba bin lungunan Kano ko Zariya ko Gusau da sassafe ya ga wani canji da ba a yi shelarsa a rediyo ba: hayaƙi ya dawo. Shekaru kaɗan da suka wuce, masu ƙosai da masu waina da masu shayi da yawa sun riga sun koma gas. Ƙaramar tukunya a gefe, harshen wuta shuɗi, kasko fes, suya ba tari. Yau tukunyar tana ƙuryar ɗaki an jera mata kwanuka a ka, ko an kai ta kasuwa an sayar, duwatsun murhu uku sun koma mazauninsu. Mai ƙosai tana durƙushe tana fifita wuta da murfin bokiti, idanunta sun yi jajur, goyon da ke bayanta yana mutsu-mutsu. Itacen ɗanye ne, ya ƙi kamawa. Kananzir ɗin da a da ake ɗan yayyafawa ya fi ƙarfinta, sai ta tura ledar ruwa da guntun tsohon silifa ƙarƙashin itacen, baƙin hayaƙi mai wari ya turnuƙe layin. A cikin wannan hayaƙin yara 'yan makaranta suke tsayawa su karɓi ƙosan karin kumallo.

Cikin gidaje ma labarin ke nan. Kuɗin cefanen da maigida yake ajiyewa kafin ya fita yanzu gida biyu ake raba shi: abin da za a dafa, da abin da za a dafa da shi. Uwargida ta zama mai lissafin garwashi. Wake ya ragu a tukunya saboda cin wutarsa, in kuma dole ce sai a jiƙa shi tun dare a zabga masa kanwa. Girki ya koma sau ɗaya a yini, a ci da rana a ajiye na dare, da safe a ci ɗumame in an samu ragowar wuta, in ba a samu ba a ci da sanyinsa. Da hunturu yara kan tafi makaranta ba wanka, don ba wanda zai ƙona itacen abinci wajen ɗumama ruwa. Hatta itacen jego, wanda tun kaka da kakanni miji ke tarawa kafin matarsa ta sauka, ya zama nauyin da ake kwana ana tunaninsa, kwana arba'in na ruwan zafi ya koma 'yan kwanaki.

Kowa ya san inda aka faro. Ranar 29 ga Mayu 2023, a jawabin karɓar rantsuwa, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi. Litar da ake saye a kusan naira 190 ta haura 500 cikin kwana biyu, a watan Yuli ta kai 617 a Abuja, a Oktoba 2024 ta ƙetare 1,000. Makonni biyu bayan wancan jawabi aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa, dalar da gwamnati ke sayarwa a wajen 460 ta wuce 1,500 a 2024. Gas ɗin girki farashinsa dala yake bi, don haka babbar tukunya mai kilo 12.5, wadda ake cikawa ƙasa da naira 10,000 a tsakiyar 2023, ta haura 16,000 kafin ƙarshen 2024, kamar yadda alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suka nuna. Sai kuma ranar 3 ga Afrilu 2024 hukumar kula da lantarki, NERC, ta ɗaga kuɗin wutar lantarki na rukunin A, wato waɗanda aka yi wa alkawarin wuta mafi yawa, daga naira 68 zuwa 225 kowane yunit, daga baya aka ɗan sassauto da shi zuwa wajen 209. Fetur ya ɗan sauko a 2025 da matatar Dangote ta shigo kasuwa sosai, amma bai ko kusanci inda ya baro ba. Arewa kuwa kullum ita ce ke biyan ƙari, domin man daga bakin teku ake ɗauko shi a tanka, matatar Kaduna ta yi shekaru ba ta tace komai, kuɗin daidaita farashin dakon mai da ake biya a da shi ma ya tafi tare da tallafin.

Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 zuwa 70,000 a Yuli 2024. Ke nan cika tukunyar gas sau ɗaya ya kusa cinye kashi ɗaya cikin huɗu na albashin masinja ko mai shara. Mai ƙosai da ɗan dako da mai faci ma ba su da albashin da za a ƙara musu.

Abin da ba a cika faɗa ba a muhawarar da ake yi a talabijin shi ne, a duk faɗin ƙasar nan babu mai sayen makamashi da tsada kamar talaka. Mai hali yana cika babbar tukunya sau ɗaya, ya sayi buhun gawayi sukutum, ya kafa faifan sola a rufin gida ya huta. Talaka kuwa ƙulli-ƙulli yake saye, gawayin yau a leda, itacen yau ƙwaya uku, gas rabin kilo a shagon bakin titi inda ba ya iya tabbatar da ma'aunin. Kowane ƙulli da ribar mai ƙullawa a kansa. In aka tara abin da ya kashe a wata, sai a ga ya biya kuɗin buhu ya samu rabin buhu.

Misalin da ya fi fito da abin fili shi ne cajin waya. Yunit ɗaya na wutar lantarki, wanda mai gida a rukunin A yake biyan naira 209 a kansa yana kuka, ya isa ya cika batirin waya kusan hamsin. Matashin da unguwarsu ba ta ga wuta ba tun shekaranjiya yana kai wayarsa rumfar mai caji, a liƙa mata lamba, ya biya naira 100. In aka lissafa, yunit ɗaya ya tsaya masa a naira 5,000, fiye da ninki ashirin na abin da mai na'urar sanyaya ɗaki yake biya. Mai cajin ba azzalumi ba ne, shi ma fetur yake zubawa a janareta, yana zaune cikin ƙara da hayaƙi daga safe har dare, in waya ta ɓata shi zai biya. Litar fetur a ƙaramin janareta da ƙyar take ba da yunit biyu, wato tela da mai aski da mai niƙa suna sayen wutarsu a kan fiye da ninki biyu na farashin da ya tayar da hankalin masu kuɗi. Daga nan tsadar take gangarowa. Mai markaɗe ya ƙara kuɗin kwano, mai rijiyar burtsatse ya ƙara wa ɗan garuwa kuɗin kura, ɗan garuwa ya ƙara kuɗin jarka, mai ƙanƙara ya ƙara nasa, musamman da azumin 2024 da na 2025 suka faɗo cikin tsananin zafin Maris da Afrilu. Ruwan sanyin buɗa-baki ya zama abin da magidanci ke shiga layi a kansa. Gidan da babu ko ƙwan lantarki ɗaya a cikinsa yana biyan kuɗin fetur sau biyar a yini ba tare da ya je gidan mai ba.

Tsarin rukuni-rukunin wuta shi ma ya kamata a dube shi da idon unguwar talakawa. Tun 2020 aka kasa masu amfani da lantarki gida biyar: rukunin A an yi musu alkawarin awa 20 a yini, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Da aka yi ƙarin 2024, gwamnati ta ce bai shafi talaka ba, domin rukunin A kusan kashi 15 cikin ɗari ne kacal na masu amfani da wuta. A takarda gaskiya ne. Amma wutar da ƙasar ke rabawa duka ba ta cika wuce megawat 4,000 zuwa 5,000 ba ga mutum fiye da miliyan 200, kuma kamfanin rarraba wuta ɗan kasuwa ne. In yana da yunit ɗaya a hannu, wani layi zai biya shi 209 wani kuma ƙasa da 70, ba sai an tambayi inda zai tura ba. Ba a ƙara wa talaka kuɗin wuta ba, an dai rage masa dalilin da zai sa a kawo masa ita. Ga kuma bil na ƙiyasi: a 2024 fiye da rabin masu rajista da kamfanonin wuta ba su da mita, sai dai a kawo musu takarda a ƙarshen wata, ko sun ga wuta ko ba su gani ba. In taransifoma ta ƙone, mai unguwa ne zai bi gida-gida da littafi ana karo-karo, a sayi kayan da a ƙa'ida kamfani ne ya kamata ya saya. Ƙaramin mai walda ko mai injin niƙa da ƙaddara ta ajiye shagonsa a kan layin A kuwa, shi da mai babban otal farashinsu ɗaya.

A ƙarshen Oktoba 2024 Arewa ta ga iyakar raunin wannan tsari. An riga an lalata layin da ya taso daga Shiroro zuwa Kaduna, rashin tsaro ya hana ma'aikata shiga daji su gyara, sai layin Ugwuaji zuwa Apir, wanda shi kaɗai ya rage yana ɗauke da yankin, shi ma ya faɗi. Kusan kwana goma jihohin Arewa da dama suna cikin duhu. Injinan casar shinkafa suka tsaya, kifi da kaji suka ruɓe a firji, famfo ya ƙafe, kuɗin caji da na ruwa suka tashi. Mutanen Maiduguri sun riga kowa sanin wannan ɗaci, tun da aka fasa turakun layin Damaturu a Janairu 2021 suka kwashe watanni masu yawa ba wuta, daga baya aka gina musu tashar gas mai megawat 50 da aka buɗe a Maris 2023.

A cikin wannan watan na Oktoba 2024 ne, daren 15 ga wata, tankar mai ta kife a Majiya da ke ƙaramar hukumar Taura a Jigawa. Mutane suka fito da bokitai da jarkoki da kwanuka suna kwasar man da ke malala a kwata. Wuta ta tashi. Fiye da mutum 150 suka rasu, adadin ya ci gaba da ƙaruwa a asibitoci, aka yi musu kabari ɗaya. Wata uku bayan haka, ranar 18 ga Janairu 2025, irin wannan ta sake faruwa a mahaɗar Dikko a jihar Neja, mutum fiye da 80 suka tafi. Allah ya jiƙansu. An yi ta wa'azi a kan haɗarin kwasar mai, kuma wa'azin daidai ne, ya kamata limamai da masu unguwanni su ci gaba da yin sa. Sai dai mutanen Majiya sun san fetur yana kamawa da wuta. Mako guda kafin wannan dare aka ƙara farashin lita ta haura naira 1,000, jarka ɗaya ta zama abincin gida na kwanaki. Duk mai son fahimtar inda tsadar makamashi ta kai talaka, ya tsaya ya yi tunanin abin da zai sa uba ya ruga da bokiti zuwa ga abin da ya san zai iya hallaka shi.

Masu kare matakin gwamnati suna da hujja, kuma adalci ne a saurare su. Tallafin fetur ya ci fiye da naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai. Mai mota huɗu ya fi mai keke cin moriyarsa nesa ba kusa ba, wani kaso kuma yana tsallaka iyaka zuwa Nijar da Benin da Kamaru a jarkoki da tankoki. Manyan 'yan takarar shugaban ƙasa uku na 2023 duk sun ce za su cire shi. Ba wanda zai ce a koma gidan jiya ido rufe. Amma alkawarin da aka yi shi ne kuɗin da aka tsimi za su dawo wa talaka ta wata ƙofa. Kuɗin kuwa sun shigo: rabon wata-wata tsakanin tarayya da jihohi da ƙananan hukumomi, wanda bai kai tiriliyan ɗaya ba kafin cire tallafin, ya haura tiriliyan ɗaya da rabi a ƙarshen 2024, ko da yake faɗuwar naira ta rage masa auki. Me ya iso murhu? An raba shinkafa da masara a wasu wurare, an yi turereniya, an ɗauki hotuna. An yi shelar naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15 a Oktoba 2023, shirin ya tsaya a Janairu 2024 da zargin almundahana ya dabaibaye ma'aikatar jinƙai, daga baya ya ci gaba yana jan ƙafa. Gidan da ya yi sa'a ya karɓi duka 75,000 ɗin, ba su isa su cika masa babbar tukunyar gas sau biyar ba. Shinkafar tallafi kuwa ɗanya ake bayarwa, ba a haɗa ta da abin dafawa.

Shirin motoci masu amfani da gas na CNG abu ne mai kyau, kuma in ya yaɗu zai sauƙaƙa kuɗin mota da na adaidaita sahu. Amma yana nuna inda hankalin masu mulki yake. In aka ce makamashi, tankin mota suke gani da na'urar sanyaya ofis. Makamashin yawancin gidajen Nijeriya itace ne da gawayi da kara. Binciken talauci da Hukumar Ƙididdiga ta fitar a 2022 ya sami mutum miliyan 133 cikin talauci mai fuskoki da yawa, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa, kuma abin da ake girki da shi yana cikin ma'aunan da aka auna talaucin da su. Wannan kafin a cire tallafi ke nan.

Tsani ne ake saukowa a kansa, taki bayan taki. Mai gas ya koma gawayi, gawayi ya yi tsada saboda yawan masu nema da kuɗin motar da ke ɗauko shi. Mai gawayi ya koma itace. Mai itace ya koma kara da kirare da kashin shanu da dusar katako, har murhun nan da aka laƙaba wa sunan Abaca a shekarun 1990, lokacin wahalar kananzir, ya sake fitowa. Risho kuwa ya zama tarihi, domin kananzir, wanda a da shi ne man talaka, tun da aka janye masa tallafi a 2016 yake hawa har ya fi fetur tsada. A ƙasan tsanin akwai leda da roba da tsofaffin tayoyi.

Mata ne suke shaƙar sakamakon. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki a cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2 a duniya a 2020, cikinsu akwai yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 237,000. Ciwon huhu ga jarirai, tarin da ba ya jin magani ga tsofaffi, ciwon ido, ciwon zuciya. A asibitin karkara ba a rubuta "hayaƙi" a katin mara lafiya, sai a ce sanyi ne ya kama shi, a koma gida a kwantar da shi kusa da murhun da ya jawo ciwon. Neman itacen ma ya zama sayar da rai. A farkon Maris 2024 Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tir da sace mutum fiye da 200, yawancinsu mata da yara 'yan gudun hijira, a yankin Ngala na jihar Borno. Itacen girki suka fita nema. A Zamfara da Katsina da Birnin Gwari, dazuzzukan da a da mata ke shiga su yi kirare yanzu ba mai tunkararsu sai da fargaba.

Sannan ga bishiyoyi. Duk wanda ke tafiya a hanyoyin da suka shigo manyan birane yana cin karo da motoci shaƙe da buhunan gawayi har sun karkace. Ƙirya, wadda maƙera suka daɗe da sanin ingancin gawayinta, ta yi wuyar gani a wurare da yawa. Da ta ƙare aka faɗa wa marke, aka faɗa wa kaɗanya da ɗorawa, bishiyoyin da a da manomi ba ya yarda gatari ya taɓa su, domin daga su man kaɗe da daddawa da kuɗin kashewar matan ƙauye suke fitowa. Kaɗanya sai ta shekara goma sha biyar ko fiye kafin ta fara 'ya'ya, a yini ɗaya ake mayar da ita buhunan gawayi. Jihohi da dama sun kafa dokar hana sare bishiya da toya gawayi, ana kama motoci ana cin tara. Dokar tana da dalili, ga hamada tana matsowa, ga kuɗin da ake zubawa a shirin Babbar Ganuwar Bishiyoyi. Amma hana gawayi ba tare da an ba uwargida abin da za ta ɗora tukunya a kai ba, ƙarshensa ƙarin kuɗin ƙulli ne da ƙarin na goro a shingen hanya.

Abin da ya fi ciwo shi ne duk wannan yana faruwa a ƙasar da ta fi kowace ƙasa a Afirka arzikin gas a ƙarƙashin ƙasa, fiye da kubik ƙafa tiriliyan 200, ƙasar da har gobe take cikin goman farko a duniya wajen ƙona gas a banza a rijiyoyin mai. Harshen wutar da ke ci dare da rana a sararin Neja Delta yana cutar da mutanen can, a nan kuma mace tana hura leda.

Wasu ƙasashe masu yawan talakawa sun tunkari wannan matsala kai tsaye. Indonesiya ta fara a 2007, ta raba wa gidaje fiye da miliyan 50 ƙaramar tukunya mai kilo 3 da kan girki kyauta, ta kuma sa tallafinta a kan wannan ƙaramar tukunyar, wadda talaka ne mai sayenta. Indiya ta ƙaddamar da shirin Ujjwala a 2016, ta haɗa mata matalauta kusan miliyan 100 da gas da sunayensu, ta kuma koyi darasi a hanya: da yawa sun karɓi tukunyar suka kasa sake cikawa, sai da aka riƙa tura musu rangwamen kowane cikawa a asusunsu. Ko a nan maƙwabta, tun da matatar Damagaram ta fara aiki a 2011 gwamnatin Nijar take ƙayyade farashin gas ɗin girki da nufin rage sare itace, duk da ƙarancin da akan fuskanta lokaci-lokaci. Nijeriya ma ta taɓa gwadawa. A ƙarshen 2014 aka amince da naira biliyan 9.2 don sayen murhun zamani 750,000 a raba wa matan karkara, shirin ya ƙare cikin taƙaddamar kwangila, matan da aka yi dominsu kaɗan ne suka gan shi. A 2024 Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar girki mai tsafta ta ƙasa. Takarda ce mai kyau, tana jiran kuɗi da masu riƙon amana.

Ba a rasa abin yi ba. Tallafin da ya dace a dawo da shi ƙarami ne mai suna da adireshi: rangwame a kan ƙaramar tukunya mai kilo 3 ko 6, da sunan matar gida, a biya kai tsaye ga mai cikawa, yadda ba za a iya loda shi a tanka a tsallaka iyaka da shi ba. Inda gas ba zai kai ba nan kusa, wato yawancin ƙauyuka, akwai murhu mai tsimin itace da ke rage cin wuta da rabi ko fiye, wanda maƙeran gida da magina tukwane za su iya ƙerawa in an koya musu aka kuma saya daga hannunsu. Ɓuntun shinkafar da injinan casa ke zubarwa tsibi-tsibi a Kano da Kebbi da Jigawa ana iya matse shi ya zama gawayi. A ɓangaren lantarki, mita ita ce hakkin farko, domin wanda ba a auna masa ba ba shi da bakin ƙorafi. Rukunan C da D da E kuma su ma a riƙa wallafa awannin da aka ba su, a hukunta kamfanin da ya gaza, kamar yadda ake sauke layin A da bai cika awa 20 ba. Rana kuwa Allah ya hore wa Arewa ita. Kasuwar Sabon Gari ta Kano da Jami'ar Bayero sun ga sola tun shekarun baya, an kuma buɗe tasha mai megawat 10 a Kumbotso a 2023. Abin da ya rage shi ne faifai ɗaya da batir da ƙwai uku da fanka su isa gidan mai ƙaramin ƙarfi a kan biyan kaɗan-kaɗan, kuɗin da bai wuce abin da yake kashewa kan caji da batirin tocila ba.

Gwamnoni ba su da sauran uzurin cewa wuta ta Abuja ce. Gyaran tsarin mulki na Maris 2023 da Dokar Lantarki ta Yuni 2023 sun ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta da kula da kasuwarta a cikin iyakokinsu. Inugu da Ekiti da Ondo suka fara karɓar wannan iko a 2024. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka aza harsashinsa a Yuni 2020, zai taimaki masana'antu da tashoshin wuta in ya fara aiki gadan-gadan, amma gas ɗin da zai ɗauko ba irin na tukunyar girki ba ne, kada a ce wa mai ƙosai ta jira shi.

Daga Nuwamba zuwa Disamba gwamnoni suke kai kasafin kuɗi gaban majalisun jihohi. A daidai waɗannan watanni ne iskar hunturu ke sauka, buƙatar ruwan zafi da jin ɗumi ta ƙaru, masu itace su rage ƙwayoyin da ke cikin ɗauri. Ɗan majalisar da ya fito daga Fagge ko Tudun Wada ko Mabera ya san gidajen da aka daina ɗora tukunyar dare a mazaɓarsa, wasu ma 'yan uwansa ne. In kundin kasafi ya iso gabansa, ya buɗe shi ya nemi layin da aka rubuta murhu da gas ɗin girki da mita da sola ta gidaje, ya duba nawa aka ware, ya kwatanta da abin da aka ware wa gadar sama da motocin jami'ai da janaretan gidan gwamnati. In bai ga layin ba, ya miƙe a zauren ya tambaya, ya kuma ƙi ɗaga hannu har sai an saka.